Ƙarnin Kifi da Ƙanshin Kafur

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Na daɗe ina bin wannan shafi, ina karanta labaran mutane ina gyara musu rubutu a zuci, halin malaman makaranta. Yau ga nawa, kuma kuskuren da ke cikinsa ba irin wanda jan biro ke gyarawa ba ne. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗanda suka san mu za su gane, sauran kuma ba sunan ne zai amfane su ba.

A shekarar da aka ba mu jihar Kebbi ina da shekara ashirin da huɗu, ina koyar da darasin kiwon lafiya a wata firamare a Birnin Kebbi. Ni ce mai duba farce da haƙoran yara a layi kowace Litinin, da rula a hannu. Asalina Argungu, gidan masunta: mazanmu a ruwa, matanmu a bakin banda. Ni ce mace ta farko a gidan da ta riƙe takardar malanta, kuma ban bari kowa ya manta da haka ba. Mijina yana cikin ma'aikatan da aka rabo daga Sakkwato tare da kujeru da kabad da tulin fayil, ba ofis ba wurin zama, su huɗu a tebur ɗaya. Muka kama ciki da falo a Nasarawa, a gidan da muke tare da iyalan wasu ma'aikata biyu. Matansu daga Sakkwato suka zo, suna kallon garin kamar ƙauyen da aka ajiye wa gwamna bisa kuskure. Ina jin haushinsu, kuma ina son su yarda ni irinsu ce. Wannan ya ishe ka sanin ko wace ce ni a lokacin.

Da cikina na fari ya tsufa, aka aiko daga gida in koma Argungu goyon ciki kamar kowace 'yar fari. Na ƙi. Na ce ga asibiti kusa, ga lantarki, ga kuma littafi. Littafin wani tsohon kundi ne na renon jarirai da na samu tun muna kwalejin horon malamai, an rubuta shi a ƙasar sanyi, duk jariran da ke hotunansa farare tas. Na haddace shi kamar mai shirin jarrabawa. Da mahaifina ya ga ba zan zo ba, sai ya turo mini ƙanwarsa, Gwaggo, ta yi mini zaman jego. Mace ce gajera mai ƙarfi, ta haifi tara ta binne uku, ta yi shekara arba'in tana bandar kifi. Ta iso da buhun busasshen kifi a ka, da ƙullin saiwoyi, da tabarmarta. Kafin ta gama sallama gidan duka ya san ta zo, domin hayaƙi da ƙarni sun riga sun zama jikinta, sabulu ba ya yi musu komai. Da yamma na ji ɗaya daga matan nan tana tambayar 'yar'uwarta ko an dawo da kasuwar kifi tsakar gida ne. Suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Washegari na aika aka sayo mini kafur leda biyu.

Dama damina ce, kyankyasai sun yi yawa, akwai kafur biyu ko uku a akwatin kayan jariri. Yanzu sai na mai da abin sana'a. Na jera shi tsakanin kowace riga da 'yar'uwarta, cikin huluna, cikin safa, cikin tawul da nafkin. Na daka wani na barbaɗa a ƙarƙashin zanen shimfiɗa. Duk kayan da Gwaggo ta wanke ta naɗe, sai na bi bayanta na mayar da su akwati su kwana, don kada 'yan barka su ɗauki ɗana su ji Argungu a jikinsa. Gwaggo ta ce wannan abu yana hawa mata kai, ina ga ɗan mutum da bai san iskar duniya ba. Na ce mata ƙanshin tsabta ke nan, wanda bai saba ba dole ya ji shi baƙo. Ta dube ni, ta ce to, Malama. Haka take kirana idan ta ga maganar ba ta da amfani.

Na haihu ranar Talata, namiji, lafiyayye, aka sallame mu Laraba. Daga ranar muka buɗe fagen gardama ni da Gwaggo, kuma ina rubuta sakamako a raina kamar rajista. Ta ce za ta ba shi dauri, wato jiƙon nan mai ɗaci da ake ɗura wa jarirai, na hana. Ta ce za ta gasa masa cibiya da tsumma mai zafi, na hana. Kwalli, na hana. Wankan jego da kunun kanwa kawai na bar mata, su ma don a jikina ake yi. Na liƙa jadawali a bango da rubutuna mai kyau: nono kowace awa huɗu, ba kafin nan ba, don yaro ya tashi da tsari. Na rufe taga, na saki labule mai kauri saboda iska da sauro, ɗakin ya koma ba a ganin komai sai da ƙwan lantarki mai ja-ja ko fitila. Gwaggo ta ce a bari ta riƙa fita da shi bakin ƙofa da hantsi ya sha rana, ta kuma gan shi da kyau. Na ce ba a fitar da jariri cikin ƙwayoyin cuta. Na yi wa kunyar ɗan fari dariya, na ce ni zan kalli ɗana son raina. Sai ga shi agogo na fi kallo.

Ranar Juma'a yaron ya fara barci mai nauyi. Awa huɗu ta cika bai motsa ba, biyar ta cika, sai na tashe shi. Ya ɗan tsotsa ya saki. 'Yan barka suna shiga suna fita, kowace ta ɗauke shi sai ta yaba: yaro mai haƙuri, ba kuka, ba rigima, ga ƙanshi. Matan Sakkwato ma suka ce lalle ilmi daban ne, nasu 'ya'yan sun hana unguwa sakat a satin farko. Ni kuwa na ɗauka jadawalina ne ke aiki. Har na yi tunanin in kwafe shi in raba wa malamai mata idan na koma aiki.

Asabar da safe ina fitowa daga wanka na tarar Gwaggo ta ɗage labule, ta kai yaron bakin taga, tana buɗa masa ido da yatsa tana leƙa dasashinsa. Ta ce, ɗiyata, wanga kwana ba na lahiya ba na, yaron nan shawara gare shi. Ta ce ta ga irinta ga ɗanta na huɗu, wanda bai kai suna ba. Ta ce a ba ta dama ta jiƙa saiwa, in kuma ba na so, to a kai shi ga likitocina, amma a yi ɗaya cikin biyu yau. Ni saiwar kawai na ji. Na ɗauka dabara ce ta dawo da daurin da na hana ta wata ƙofa. Na ɗauko littafi na buɗe mata shafin, ita da ba ta san baƙin boko ko ɗaya ba, na fassara mata cewa jarirai da yawa sukan yi ɗan rawaya a kwanakin farko, kuma yakan wuce da kansa. Ta tambaye ni ko mai littafin ya ga wannan yaron. Na saki labulen, na ce a bar shi ya huta. Yau na san littafin bai yi ƙarya ba. Akwai sakin layi na biyu a ƙasa, mai maganar jaririn da ya daina tsotso yake yawan barci. Na karanta shi ba sau ɗaya ba. Amma kwana huɗu ina cin Gwaggo a gardama, kuma ban shirya faɗuwa a ta biyar ba.

Ranar Lahadi, da ta fita ɗibar ruwa, na ɗage labulen da kaina. Farin idonsa ya koma kamar garin ɗorawa. Tafin ƙafarsa ma haka. Na gaya wa mijina. Ya ce ni ce malamar lafiya, abin da na ce shi za a yi. Ya daɗa da cewa yau Lahadi ba lalle a samu likita ba, gobe kuma an ce kowa ya hallara a tantance fayil, wanda bai zo ba sunansa na iya ɓacewa tsakanin jiha biyu, jibi ga suna, rago na ɗaure, 'yan'uwa na hanya. Har yau idan na tuna ina jin haushinsa. Amma shi dalilai ya jero, ni na yanke hukuncin. Na ce a bari a yi suna, Laraba da sassafe mu je. Gaskiyar da ban faɗa masa ba ita ce, idan muka tafi asibiti ranar, kowa a gidan zai san mai bandar kifi ta ga abin da malama ba ta gani ba. Na sake wa yaron kaya masu ƙanshi daga akwati, na kwantar da shi.

Litinin bai sha abin kirki ba. Nono ya cika mini yana zuba, shi kuwa sai ya kama ya saki. Gwaggo ta daina yi mini magana. Ta zauna gefensa tana ɗiga masa nonon da na tatsa da ƙaramin cokali, rabi na shiga rabi na dawowa.

Talata aka raɗa suna da safe, aka yanka rago, gida ya cika. Na sha lalle, na ɗaura gwaggwaro, mata na ta guɗa. Da hantsi wanzami ya zo aski, aka fito da yaron tsakar gida, karo na farko da rana ta gan shi sosai. Wanzamin ya cire masa hula, ya tsaya da aska a hannu, ya dubi Gwaggo bai dube ni ba. Ana taɓa masa ruwa a kai sai ya yi wani kuka siriri mai tsini wanda ban taɓa jin irinsa ba, ya banƙare baya, wuyansa ya sanƙare. Wata daga cikin baƙi ta ce ai ga shi yau ya nuna yana da murya. Gwaggo ba ta nemi izinin kowa ba. Ta karɓe shi daga cinyar mai riƙo, ta naɗe shi a cikin tsohon mayafinta, ta ratsa mata da tukwane ta fita, ko takalmi ba ta tsaya nema ba. A bakin ƙofa ta ce wanda ke da ɗa ya biyo ta. Na bi ta da gwaggwarona, na suri jakar kayansa, domin ko a wannan hali ban so a ga ɗana a asibiti cikin mayafin kifi ba.

A asibiti wata sista mai furfura ta karɓe mu. Ta danna masa goshi da hanci, ta duba ido, ta tambaya tun yaushe. Gwaggo ta ce tun Asabar ta gani. Sista ta tambaya me aka ba shi. Na yi sauri na ce ba a ba shi komai na gargajiya ba, ni na hana. Ta ce na kyauta, wannan ya taimaka. Maki ɗaya ke nan da na ci a jarrabawar duka. Sai na zuge jaka zan sake masa riga. Sista ta ja da baya ta toshe hanci, ta zaro hular ta sansana, ta girgiza ta, ƙwallon kafur ya faɗo ya gangara ƙarƙashin gado. Ta tambaya ko a cikin wannan yake kwana. Na ce e, saboda tsabta. Ta tambayi aikina, na ce malanta. Ta ce wane darasi. Na faɗa mata. Sai kawai ta rubuta wani abu a kati. Da ma ta zage ni. Likita ne ya yi mana bayani daga baya: akwai yaran da ake haifa da jini mai rauni ta wannan fuska, galibi maza, kafur na shiga musu ta fata da numfashi ya farfasa jinin, shawarar ta yi yawa har ta hau ƙwaƙwalwa. Ya ce fitilar da ake sa jarirai a ƙarƙashinta ba za ta isa ba yanzu, ga shi ma wuta na zuwa tana ɗaukewa. Sai an canja masa jini, kuma sai a Sakkwato, kuma mu tafi da masu ba da jini. Ya ce da Asabar ɗin muka zo, da wataƙila fitilar ta wadatar.

Wani abokin aikin mijina ya ba da motarsa. Ruwa ya ɓata hanya, muna tafiya muna kauce wa ramuka, ni ina duban agogo, wanda a ranar ne kawai ya yi mini amfani, shi ma na ƙara mini baƙin ciki. Da muka iso Argungu Gwaggo ta ce a tsaya. Mijina ya ce babu lokacin gaisuwa. Ta ce wa ya ce masa gaisuwa za ta yi, shi jinin fayil za a sa wa yaron? Ta sauka ta nufi bakin gulbi, ba a jima ba ta dawo da babban ɗanta, magidanci mai 'ya'ya biyar, wandonsa jiƙe har gwiwa, ɓawon kifi a damtsensa. Ya matsa kusa da ni a kujerar baya, ya ce Malama, a yi haƙuri da ƙarni. Ba da gatse ya faɗa ba, shi ya sa ta fi ciwo. A Sakkwato aka gwada jinin mijina bai dace ba, ni kuma mai jego ce. Na ɗan Gwaggo ya dace. Jinin masunta aka ɗura wa ɗana kaɗan-kaɗan ta cibiya, ana zare nasa.

Ya rayu. Kwana goma sha ɗaya muka yi, idonsa a ɗaure ƙarƙashin fitila, muka dawo Nasarawa da yaro kamar ɗan tsako. Sauran jegon ban ga daɗinsa ba. Ba ya iya kama nono da kyau, sai tatsa da cokali, kowace awa biyu, wani lokaci a yi rabin awa kan abin da bai cika murfin kwalba ba, ya kuma amayar. Na yage jadawalin da hannuna. Kayansa muka wanke sau uku muka shanya, ƙanshin ya ƙi fita, ƙarshe na ƙone su har akwatin. Da tsofaffin zannuwan Gwaggo aka rene shi. Masu zuwa dubiya kowa da nasa: wata ta ce baki ne, wata ta ce an fitar da shi ranar suna iska ta buge shi, matan Sakkwato suka ce asibitocin sabuwar jiha sai a hankali. Kowa ya rufe da cewa haka Allah ya ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa musunta ba. Amma ni na aika aka sayo kafur, kuma ni na ce a bari sai Laraba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wanda ya zarge ni. Gwaggo, wadda take da haƙƙin yi, ko sau ɗaya ba ta ce ai na faɗa miki ba. Na yi ta jira ta faɗa in samu abin yin faɗa da shi, ta hana ni.

Arba'in ta wuce ba ta koma gida ba. Yana wata huɗu na lura ta zama mai sakin kaya: yau faranti ya faɗi, gobe murfin tukunya, kullum kusa da inda yake kwance. Har na fara cewa tsufa ne. Wata safiya ta kira ni, ta ce in tsaya in kalli fuskarsa, ta ɗaga babban tire ta sake shi a kan siminti. Kajin maƙwabta suka watse, matan gidan suka leƙo. Ɗana yana kallon rufin ɗaki yana wasa da yatsunsa. Ta ce sati guda ke nan tana gwadawa, tana fatan ita ce ta yi kuskure. A wannan karon ban ɗauko littafi ba, mayafina na ɗauka. Likitoci suka tabbatar shawarar ta tafi da jinsa, saura ɗan kaɗan a kunnen hagu.

Yanzu magidanci ne, kafinta, hannunsa na da kyau ƙwarai, yana da mata da 'ya'ya biyu masu surutu kamar rediyo. Ni da na saba cika aji da murya, sai da na koma ɗaliba na koyi maganar hannu, kuma har gobe yana gyara mini kurakurai yana dariya. Gwaggo ta rasu yana ɗan shekara tara. Ita ba ta koyi maganar hannu ta makaranta ba, suna da tasu su biyu, kuma ya fi gane ta. Da ya girma na ba shi labarin nan duka, ban rage komai ba. Ya nuna mini da hannu cewa ya ji, ya wuce. Shi ma bai ba ni abin yin faɗa da shi ba.

Abin da nake roƙon masu jego da mazajensu ba shi da yawa. Ku fitar da kafur daga kayan jarirai, ba ku san irin jinin da ɗanku ya zo da shi ba, kuma kyankyaso bai taɓa kurmantar da kowa ba. Ku riƙa kai jariri bakin ƙofa kowace safiya ku dubi idonsa da dasashinsa a hasken rana, domin fatarmu tana ɓoye abin da fatar jariran littafi ke nunawa. In kun ga rawaya, ko ya zama sai an tashe shi ya sha, kada ku jira suna. Rago zai iya ƙara kwana a ɗaure, baƙi kuma za su ci su tafi. Ban ce ku ɗura wa yara kowace saiwa ba, a nan ina kan bakana. Amma wadda ba ta san maganin ba tana iya sanin ciwon, kuma idan tsohuwar da ta binne 'ya'ya uku ta ce barcin nan ba na lafiya ba ne, ku tashi, ko da warin me take yi.

Har yau idan na je shagonsa, wani mai sayen kujera zai gaishe ni ya ce Hajiya, kin yi dace da ɗa, ga haƙuri, ba ya da hayaniya. Sai in ce na gode. Tun yana kwana uku a duniya ake yi mini wannan yabon.